WhatsApp a sakatariyar ƙaramar hukumarmu: abin da ya yi mana, da inda ya tsaya

Shekarata 17 ina aiki a sashen kula da ma'aikata na ƙaramar hukumarmu, kuma kusan duk shekarun nan a rajista na yi su. Duk takardar da za ta fita zuwa ga ma'aikata ta hannuna take bi. Ni ke ba ta lamba, in buga hatimi, in shigar a littafin aike, in liƙa guda a allon sanarwa da ke jikin ofishin ma'aji, sauran in miƙa wa masinja ya hau babur. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba da yi, har ranar da wata ma'aikaciyar jinya ta shigo ofishina da takarda a hannu.

A wani ƙaramin asibiti take aiki can ƙetaren rafi. An yi tantance ma'aikata na kwana uku, ita kuwa sai a rana ta huɗu ta iso, kwamiti ya riga ya tattara ya tafi. Ta warware takardar daga bakin mayafinta, an ninka ta huɗu, gefe guda ya jiƙe har tawada ta zube. Ta ce, “Malam, wallahi jiya bayan la'asar aka kawo min ita.” Na duba kwanan watan da ke kai, da hannuna na rubuta shi kwana goma da suka wuce. Masinja ba shi da laifi, rafi ne ya kawo, kuma ba a ba shi kuɗin man da zai zagaya ta gada ba. Na ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, za mu rubuta.” Mun rubuta ɗin, amma sai da albashinta ya tsaya wata biyu. Tana da marayu a gabanta. Abin ya daɗe yana ci na a rai.

Wannan ya sa da aka ce in riƙe zauren WhatsApp na ma'aikata ban yi musu ba. Yanzu na yi fiye da shekara ina riƙe da shi, kuma abokan aiki daga wasu ƙananan hukumomi suna yawan tambayata ko su ma su yi. Ga abin da na gani.

Abin da ya tilasta mana shi ne watan Yulin 2024. Ranar 11 ga watan Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba. Kafin watan ya ƙare kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Labari biyu masu nauyi a wata guda, dukkansu sun shafi tukunyar gidan kowane ma'aikaci, amma daga sama shiru kake ji. Sai teburin mai shayi ya zama ofishin yaɗa labarai. An ce za a rage ma'aikata. An ce za a koma biyan albashi a tebur. An ce masu ƙaramin mataki ne kawai za su ga ƙari. Wata safiya DPM, wato daraktan kula da ma'aikata, ya kira ni ya ce, “Malam, kai ne ka san kan wayar nan. Ka haɗa mana mutanenmu wuri guda, maganar nan ta ishe ni.” Na ce, “To, Yallaɓai.”

Da guruf ɗaya na fara, irin wanda kowa ya sani. Yana ɗaukar mutum har 1,024, don haka ya ishe mu har da saura. Kuɗin manhaja babu, koyarwa babu, domin duk mai babbar waya ya riga ya iya ta. Wannan shi ne babban abin da ta fi sauran da shi. Wani matashi a sashen tsare-tsare ya kawo shawarar Telegram, wani ya ce imel, amma da na zagaya ofis-ofis na tarar ba kowa ke da su ba, masu imel ɗin ma da yawa sun manta kalmar sirrinsu tun ranar da aka buɗe musu a shagon kwamfuta.

Sai dai cikin mako guda guruf ɗin ya cika da barka da Juma'a, gayyatar ɗaurin aure, sanarwar rasuwa, tallan atamfa da turaren wuta, da gardamar siyasa. Ban ga laifin kowa ba, zumunci ne, kuma mutanen da suke aiki tare dole su yi shi. Amma sanarwar karɓar fom na ƙarin girma ta nutse a ƙarƙashinsu, mutum biyu suka rasa wa'adi. Na kulle ya zama admin kaɗai ke iya rubutu, sai aka fara cewa an toshe wa ma'aikata baki. Su ma suna da gaskiyarsu.

Abin da ya raba gardamar shi ne tsarin da kamfanin ya kira Communities, wanda ya fito a Nuwambar 2022. Kamar gida ne mai zaure ɗaya da sassa a ciki. Zauren na sanarwa ne, admin kaɗai ke magana a nan, kuma duk wanda ya shiga kowane sashe saƙon zaure zai same shi. Muka buɗe wa kowane ɓangare ɗakinsa: lafiya, ayyuka, noma, baitulmali, ilimi da walwala, da namu na kula da ma'aikata. Muka ware ɗaki guda na zumunci, a can ake gayyatar suna da ta'aziyya, wanda ba ya so ba sai ya shiga ba. Tun daga ranar hayaniya ta kwanta.

Akwai wani amfani da ban hango ba sai da wata ƙanwata a sashen ilimi ta nuna min. A tsohon guruf kowa yana ganin lambar kowa, har wani ya ɗauki tata yana damunta da saƙo cikin dare, ta kusa fita gaba ɗaya. A zauren sanarwa ba a baje lambobin mutane ga kowa da kowa, sai admin da waɗanda kuke ɗaki ɗaya da su. Matan aure da yawa da suka ƙi shiga da farko sun shigo bayan an yi musu wannan bayani. Ko don wannan kaɗai zan ce duk wata ma'aikata da za ta fara, ta fara da wannan tsari, kada ta ɓata lokaci da guruf ɗaya kamar yadda muka yi.

Amma abin da ya canza zamanmu da gaske saƙon murya ne. Takardun gwamnati da Turanci ake rubuta su, Turancin ma irin na ofis, wanda mai digiri ma sai ya karanta sau biyu. Direban tifa da mai karɓar kuɗin kasuwa da mai shara ba a taɓa rubuta takarda dominsu ba, sai dai wani ya fassara musu, mai fassarar kuma ya ƙara gishirinsa. Sai muka roƙi Ciyaman ya riƙa yin magana da bakinsa, da Hausa, duk ranar Litinin da safe. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Na farkon da ya yi ya kai minti 11, rabinsa gaisuwa da godiya. Da na duba waɗanda suka saurara, kaɗan ne. Na shiga wurinsa na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, na ƙauye datarsu ba ta kai, kuma sabis yana yanke musu kafin ya sauka. Da za a taƙaita zuwa minti uku, abu uku, da kowa ya ji.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “To ka rubuto min abu ukun.” Tun daga nan, ranar Juma'a nake bin shugabannin sassa in tattaro abin da ke gabansu, DPM ya duba, Ciyaman ya zaɓi uku.

Ina tuna wanda ya yi gab da faɗuwar damina. Ya ce abin da ya sa a gaba a watan shi ne yashe magudanan ruwan kasuwa, sai rigakafin yara, sai kuma kada a karɓi ko sisi ranar kasuwa ba tare da rasit ba. Sannan ya ƙara da abin da ba a saba ji ba, ya faɗi dalili. Ya ce kuɗin da aka ware na gyaran rufin ofishin ayyuka ne aka juya zuwa magudanan, domin bara ruwa ya shiga rumfunan masu hatsi, kuma rufin zai jira sai bayan kaka. Da azahar na haɗu da wani magini na sashen ayyuka a masallaci, ya riƙe hannuna ya ce, “Yau shekara nawa muna zagin ma'aji kan rufin nan, ashe ba a taɓa gaya mana komai ba ne. Da an faɗa ai da mun yi haƙuri.” Rufin bai daina yoyo ba a daminar nan, bokiti suka riƙa tarawa, amma ba su ƙara zuwa ofishina da faɗa ba.

Na biyun da ba zan manta ba shi ne kan batun cin gashin kan ƙananan hukumomi. Ciyaman ya ce, “Har yau babu takardar da ta zo mana a kan yadda za a yi. Ranar da ta zo, daga bakina za ku fara ji. Wanda ya ce muku an rubuta sunayen waɗanda za a sallama, ku ce ya kawo takardar.” Bai ba da wani labari sabo ba, amma jita-jitar da ta yi wata biyu tana yawo a makon ta mutu. A nan na gane cewa manhajar tana kai duk abin da aka ɗora mata ne kawai. Makon da shugabanni suka faɗi gaskiya, ko da gaskiyar ita ce ba su sani ba tukuna, zauren yana da daraja. Makon da aka cika shi da hotunan yanke ƙyalle da kirari, ba mai buɗewa.

Akwai ƙananan abubuwa da suka sauƙaƙa min aiki. Ana iya kafe saƙo a sama har kwana 30, a nan nake ajiye ranar tantancewa da wa'adin fom. In na yi kuskuren rana ko lokaci ina da minti 15 in gyara kafin ya kafu. A ɗakunan sassa ina danna saƙo in ga wa ya buɗe, wa bai buɗe ba, sai in kira shugaban sashe in ce mutum kaza da kaza ba su gani ba, a neme su. Kuma ina haɗa ta da kwamfutar ofis in tura takarda kai tsaye ba sai na ɗauke ta hoto a karkace ba. Da aka sake yin tantancewa, Hajiyar nan ta ƙetaren rafi ta ga sanarwa a ranar da aka fitar, ta kwana a gidan 'yar'uwarta a gari, tana cikin goman farko a layi.

Mun gwada tashar WhatsApp ma, wato Channels, wadda ta bazu a duniya a Satumbar 2023. Ba ta dace da maganar ma'aikata ba. Kowa na iya nemo ta ya bi, ba ka san wa ke ciki ba, ba ta da irin kariyar sirrin da guruf ke da ita, kuma abin da aka sa na kwana 30 ne. Muka bar wa jami'in yaɗa labarai yana sanar da jama'ar gari ranar rigakafi da rabon taki. A can ta yi kyau.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba kuwa shi ne waɗanda zauren bai kai gare su ba. Wata ranar Litinin da yamma ina fitar da babur, sai Baba maigadi ya tare ni. Ya fi shekara 25 a bakin ƙofar nan. Ya zaro wayarsa daga aljihun gaba, ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da kyauro don kada batir ya faɗo. Ya ce, “Ɗana, an ce Ciyaman yana magana a waya duk Litinin. Tawa ba ta taɓa yin ƙara ba. Ko ba da mu ake yi ba?” Na kafe babur, na zauna a bencinsa, na kunna masa. Ya karkato da kunne, ya sa hannu ya tare iska. Da ya ƙare ya ce in sake. A karo na biyu da aka zo maganar kuɗin hutu ya ɗaga yatsa ya ce, “Tsaya nan. Har da masu mataki irin nawa?” Na ce har da su, Baba. Ya ce, “To Alhamdu lillahi. Da ban tare ka ba fa?”

Washegari na ɗauko jerin sunayen ma'aikata na bi ɗaya bayan ɗaya. Masu gadi, masu shara, leburorin sashen ayyuka, tsofaffin direbobi, masu taimaka wa ungozoma a ƙauye, yawancinsu ba sa ciki. Su ne mafi ƙarancin albashi, su ne kuma kuskure ɗaya a takarda yake fi yi wa illa. Wasu ma suna da babbar waya amma ta tsufa, domin tun ƙarshen 2023 manhajar ba ta aiki a Android da ke ƙasa da 5.0. Masu wayar kirki kuma data ta zame musu nauyi, balle da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Mai mataki na 04 da ke lissafin kwanon masara ba zai sa data don jin Ciyaman ba, kuma ba zan ce ya yi ba daidai ba.

Maganin da muka samu ba na fasaha ba ne. Na sayi ƙaramar lasifika, duk Litinin da ƙarfe goma ina kunna saƙon a gindin darbejiyar da ke tsakar sakatariya, Baba ne ke fara zuwa da bencinsa. Kowane mai kula da asibitin ƙauye an ɗora masa ya kunna wa mutanensa. Abin da ya shafi albashi ko tantancewa kuma ana bi da gajeren saƙon tes, wanda ke shiga kowace irin waya. Allon sanarwa ma yana nan, masinja yana nan. Wanda ya tuna watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda matsalar tsaro, ba zai yarda ya jingina komai a kan sabis ba.

Sai maganar ajiya, wadda a matsayina na ɗan rajista ta fi komai damuna. An gina manhajar nan don hira, ba don ta zama fayil ba. Wanda aka ɗauka aiki bana ba zai tarar da abin da aka faɗa bara ba. Waya in ta faɗa ruwa, wanda bai adana ba ya rasa komai. Ma'aikacin da aka ba takardar tuhuma ba zai kare kansa gaban kwamitin ladabtarwa ko Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi da cewa ya ji a saƙon murya ba. Don haka dokarmu ita ce duk abin da ya zama umarni sai an rubuta, an ba shi lamba, an sa hannu, ya shiga fayil, sannan a tura kwafinsa. Wannan doka ce ta cece mu ranar da wani jadawalin albashi na bogi ya shigo ɗakin zumunci, da tambari da komai, mutane har sun fara lissafin bashin da za su biya. Na ce a duba saman takardar, ina lamba? Babu. Na goge, na yi bayani da murya.

Macuta ma sun gwada mu. Wani ya kira wani akawunmu ya ce daga ofis ne, za a yi taro ta waya, ya karanto masa lambobi shida da aka turo masa. Cikin minti kaɗan aka ƙwace masa asusu, aka shiga tura wa abokan aiki saƙon neman rance da sunansa, har mutum ɗaya ya tura. Manhajar tana da makulli na biyu, lambar sirri da mutum ke sa wa kansa, amma kusan ba wanda ya kunna. Na yi kwana biyu ina bin ofisoshi ina kunna wa mutane. Duk wanda zai buɗe irin wannan zaure, ya fara da wannan tun ranar farko. Ya kuma riƙa cire wanda ya yi ritaya ko aka yi wa canjin wurin aiki ko ya rasu, domin layin da aka daɗe ba a amfani da shi yakan koma hannun wani baƙo.

Abu guda da na sa rai zai yi amma bai yi ba shi ne ɗaukar magana daga ƙasa zuwa sama. Akwai hanyar jefa ƙuri'a a ciki, mun gwada kan lokacin tashi a watan azumi, ya yi daidai. Da muka tambayi ko mutane sun gamsu da yadda aka yi ƙarin girma, sai kowa ya yi gum, domin ana ganin sunan wanda ya zaɓi kaza. Ba wanda zai ce bai gamsu ba alhali mai sa masa hannu a fom yana kallo. Dole muka dawo da akwatin ƙorafi na katako, makullinsa a hannun shugaban reshenmu na NULGE, ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, shi ke buɗewa ƙarshen wata, a zaɓi tambayoyi Ciyaman ko DPM ya amsa a saƙon Litinin. Mun kuma hana tura saƙon aiki bayan la'asar da ranakun hutu, sai in ambaliya ce ko ɓarkewar amai da gudawa, saboda wasu shugabannin sassa sun fara ba da aiki ƙarfe goma na dare.

Ga mai tambaya ko su yi, amsata ita ce su yi, in shugabansu zai yarda ya yi magana da bakinsa ya kuma faɗi dalili, in kuma akwai wanda zai ɗauki nauyin kai saƙon ga marasa babbar waya. In babu waɗannan biyun, sabon wurin gardama kawai za su buɗe.

Matsalar da ke gabana yanzu ita ce da layina na kaina na buɗe zauren. Ciyamomi suna zuwa suna tafiya, ni ma ana iya ɗauke ni zuwa wata ƙaramar hukuma da takarda ɗaya, kuma bai kamata hanyar da ɗaruruwan ma'aikata ke jin labarin aikinsu ta bi ni a aljihu ba. Na rubuta ina neman a sayi waya da layi na ofis, a ajiye a rajista, a kuma naɗa admin uku bisa kujera ba bisa suna ba, a sa su cikin takardar miƙa aiki kamar yadda ake sa hatimi da makullan kabad. DPM ya karanta ya sa hannu a gefe. Ya ce in dawo ranar Alhamis da farashin wayar daga shaguna uku.